Filin Lantarki: Yadda Malami Zai Nuna Shi a Gaban Aji

  Yau a shirinmu na kimiyya, hirar tamu ta malaman fiziks ce da ɗalibansu na sakandare. Amma iyaye, kada ku murɗa akwatin rediyo. Mafi yawan kayan aikin da za mu ambata, a gidajenku suke.

Batunmu shi ne filin lantarki. Za mu fara da bayanin ko mene ne shi. Sannan mu bi gwaje-gwajen da malami zai yi a gaban aji, tun daga wanda ba ya cin ko kwabo, har zuwa wanda sai da na'ura. A tsakiya akwai gargaɗi. Ko me zai wuce ku, kada wannan gargaɗin ya wuce ku.

To, bismillah. Mene ne filin lantarki?

Kun san yadda ake yi da hunturu. Mutum ya tuɓe rigar sanyi cikin duhu, ya ji ƙas-ƙas, wani lokaci har ya ga ɗan tartsatsi. Ko ya kai hannu ƙofar mota, ya ji wani abu ya tsunkule shi. Wannan aikin caji ne. Kowane abu da kuke gani, da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, sunansu atam. A cikin atam akwai caji iri biyu. Akwai mai alamar tarawa, akwai mai alamar ɗebewa, irin alamomin nan da kuke gani a kan batir. Yawanci yawansu ɗaya ne, don haka ba ka jin komai. Amma idan ka goga matajin roba a busasshen gashi, wasu 'yan ƙwayoyi masu cajin ɗebewa sukan bar gashin su koma kan robar. Su ake kira ilektiron. Yanzu mataji ya yi caji.

Dokar kuwa gajera ce. Caji iri ɗaya suna korar juna. Caji iri daban suna jan juna. Na sake faɗa: iri ɗaya, kora. Iri daban, ja.

Ga inda tambayar take. Ka kusantar da matajin nan ga 'yan gutsattsarin takarda. Kafin ya taɓa su, sun yi tsalle sun manne. Babu zare a tsakaninsu. Babu hannu. To ta yaya takarda ta san mataji ya iso?

Amsar masana ita ce, abu mai caji yakan canza sararin da ke kewaye da shi. Duk wani cajin da ya shigo wannan sarari zai ji ana jansa ko ana tura shi. Wannan sararin da yanayinsa ya canza, shi ne filin lantarki. A kowane wuri a cikinsa akwai abu biyu: akwai ƙarfinsa, akwai kuma inda ya dosa. Ƙarfi da alkibla. Ku riƙe waɗannan biyun.

Matsalar malami ita ce ido ba ya ganin wannan fili. Amma ai iska ma ba wanda ya taɓa ganinta. Ka tsaya bakin gonar gero, ka ga kara ya karkata yamma, ka san inda iska ta nufa. Aikin malamin fiziks ke nan. Ya samo abin da zai karkata.

Kafin mu shiga aji, bari mu ɗan leƙa tarihi, don mutumin da ya kawo wannan tunani ya cancanci a san shi. Sunansa Michael Faraday. An haife shi a Ingila a shekarar 1791, ɗan maƙeri ne. Bai yi zurfi a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, kuma a nan ya riƙa karanta littattafan da aka kawo ɗinki. Lissafinsa bai taka kara ya karya ba. Wataƙila shi ya sa ya dogara da ido da hannu. Ya riƙa barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, maganaɗisu na ƙarƙashi, yana kallon yadda garin ke jeruwa layi-layi. Daga nan ya ce, bari mu ɗauka sararin da ke kewaye da maganaɗisu, da wanda ke kewaye da caji, cike yake da layukan ƙarfi. Daga baya wani masanin lissafi ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya ɗauki layukan Faraday ya mayar da su lissafi. Wato hoto ne ya riga lissafi zuwa. A ganina, a aji ma haka ya kamata a bi. Ɗalibi ya gani tukuna, sannan ya lissafa.

Na faɗi haka ne domin ɗalibi zai iya haddace zanen layukan nan daga allo, ya zana su tsaf a jarrabawar WAEC ko NECO, ya ci makinsa, alhali bai taɓa ganin ko ƙwayar abu ɗaya ta motsa saboda su ba.

Yanzu sashe na biyu: gwaje-gwajen da ba sa cin kuɗi.

Malam, nemi guntun bututun roba, irin na masu aikin famfo. Goga shi sosai da busasshen ƙyalle na ulu, ko da gashin kai. Kwantar da gwangwanin lemo marar komai a kan tebur mai santsi. Kusantar da bututun, kada ka taɓa. Gwangwani zai gangaro ya biyo ka. Ka zagaya ɗaya gefen, ya juyo. Yara za su yi dariya, ka bar su su yi. Bayan sun lafa, ka tambaye su: mene ne ya jawo gwangwanin?

Haka kuma ruwa. Ka tsiyayo shi daga buta, siriri sosai. Ka kawo bututun kusa. Ruwan zai lanƙwaso wajen bututun.

Waɗannan biyun suna nuna akwai fili. Amma ba su nuna siffarsa ba. Don siffa, ga dabara. Yanke ɗan ƙaramin falle na takardar alminiyam, ko siririn gutsuren takarda, ka rataye shi da zare a bakin tsinke. Wannan shi ne ɗan leƙen asirinka. Ka zagaya da shi kewaye da wani balan-balan da aka goga. A sama, a ƙasa, a dama, a hagu. Duk inda ka kai shi, zai karkata ya fuskanci balan-balan. Kusa, karkatar da yawa. Nesa, kaɗan. Ɗalibi ɗaya ya riƙe alli, duk inda aka tsaya ya zana kibiya a allo. Kafin a gama, aji da kansa ya zana filin, ba malam ya zana musu ba.

Wannan raguwar ƙarfi da nisa, wani Bafaranshe ne ya auna ta, Charles Coulomb, a shekarar 1785. Ya gano cewa tsakanin ƙananan ƙwallaye biyu masu caji, idan ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin ba rabi yake komawa ba. Kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ka ninka nisa sau uku, ya koma kashi ɗaya cikin tara.

Wani abu da malaman arewa ya kamata su sani: yanayi yana bayanku. Waɗannan gwaje-gwaje busasshiyar iska suke so. Idan akwai laima, ɗan damshin da ke kwanciya a kan roba yakan sulale da cajin kafin ka yi komai. Malami a Legas ko Fatakwal yakan sha wahala da wannan. Kai kuwa da ke Kano, ko Sakkwato, ko Damagaram, kana da hunturu. Idan da hali, ka tsara darasin nan ya faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu. Wanda ya gwada shi a tsakiyar Agusta, ya ga gwangwani ya ƙi motsi, kada ya zargi littafi.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan filin lantarki, da yadda malami zai nuna shi a aji. Mun iso sashe na uku, kuma shi ne zuciyar shirin: gwajin mai da tsaki.

Ga kayan aiki. Faranti marar zurfi na gilashi ko na roba mai nuna ciki. Man zurma, wanda ake samu a kantin magani. Ɗan tsakin alkama mai laushi, wato samolina, ko ƙananan irin ciyawa masu ɗan tsawo. Wasu malamai gashi suke amfani da shi, wanda aka yanka gajeru-gajeru. Sai ƙarafa biyu da za a tsoma a man, da na'urar da za ta ba su caji.

Ka zuba mai ya rufe gindin farantin, kada ya yi zurfi. Ka tsoma ƙarafan biyu, da 'yar tazara a tsakaninsu. Ka barbaɗa tsakin sama-sama. Kaɗan fa. Wanda ya cika hannu, dunƙulewa zai yi, ba abin da za a gani. Sannan ka haɗa ƙarfe ɗaya da ɓangaren tarawa na na'urar, ɗayan da ɓangaren ɗebewa. Ka kunna.

Sai ka ga tsakin ya fara juyi a hankali. Wannan ƙwayar ta juya, ta kama wutsiyar waccan. Waccan ta kama ta gaba. Cikin ɗan lokaci sun jeru layi-layi daga wannan ƙarfe zuwa wancan.

Me ya faru? Ku saurara da kyau, don nan ne ɗalibai ke ruɗewa. Ƙwayar tsaki ba ta da caji na kanta. Tarawa da ɗebewa a cikinta daidai suke. Amma da filin ya same ta, sai ya ɗan ja cajin ɗebewa zuwa gefe guda, ya bar ɗaya gefen da rinjayen tarawa. Ƙwaya ta zama mai kai biyu. Filin na jan wannan kai, yana tura wancan, dole ta juya ta miƙe daidai da alkiblarsa. Kuma kan tarawa na wannan ƙwaya yana jan kan ɗebewa na maƙwabciyarta. Haka sarƙar ke ƙulluwa. Wannan dalilin ne ma ya sa takarda ta yi tsalle zuwa mataji, da gwangwani, da ruwan buta. Duk ba su da caji, filin ne ya raba musu shi gefe da gefe.

Me ya sa mai, ba ruwa ba? Domin ruwan famfo yana barin lantarki ya bi ta cikinsa. Mai kuwa ba ya bari. Sannan man zurma yana da kauri. Yana riƙe tsakin, ya bar shi ya juya a natse, aji ya samu damar kallo.

Yanzu sai ka riƙa sauya siffar ƙarafan, kana tambayar yara su yi hasashe kafin ka kunna. Wannan hasashen kada ka tsallake shi. Shi ne darasin.

Ka sa miƙaƙƙun ƙarafa biyu, suna fuskantar juna. Layukan za su fito a miƙe, jere da juna, tazararsu ɗaya. Sai a bakin ƙarafan ne za su ɗan kumburo waje. Wannan shi ne fili mai ƙarfi bai ɗaya.

Ka sa kan waya biyu, ɗaya tarawa ɗaya ɗebewa. Layukan za su fito daga wannan su lanƙwasa su faɗa wancan, sun cunkushe a kusa da kan wayoyin, sun baje a nesa. Inda suka cunkushe, nan fili ya fi ƙarfi.

Ka sa ƙarfe mai tsini. Za ka ga layukan sun yi cincirindo a kan tsinin. Caji yakan taru a wuri mai tsini, fili ya yi ƙarfi a wurin. Wannan ne ya sa sandar kare tsawa, da Benjamin Franklin na Amurka ya ƙirƙiro wajen shekarun 1750, ake yin ta doguwa mai tsini, a kafa ta a ƙololuwar gini, a ja waya mai kauri daga gare ta zuwa cikin ƙasa.

Wanda na fi so shi ne na zobe. Ka lanƙwasa waya ta zama zobe rufaffe, ka ba ta caji, ɗaya ƙarfen yana waje. A wajen zoben, tsaki ya jeru. A cikin zoben kuwa, yana nan a warwatse yadda ka barbaɗa shi. Ko gezau. Wato a cikin rufaffen ƙarfe, filin da ke waje ba ya shiga. Faraday ya gwada wannan da jikinsa a shekarar 1836. Ya gina ɗan ɗaki, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya sa aka yi masa caji har tartsatsi na tashi a waje, shi kuma yana ciki da na'urorin awonsa, ba su nuna komai ba. Shi ya sa wanda hadari ya rutsa da shi ya fi samun kariya a cikin mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe, fiye da gindin bishiya. Ba tayar roba ce ke kare shi ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Jikin motar ne.

Idan aji ya cika, na baya ba za su ga faranti ba. Ka ɗora shi a kan farar takarda idan tsakin mai duhu ne, ko baƙa idan fari ne. Ka kira su rukuni-rukuni, ko ka ɗauki bidiyo da waya a zagaya da shi.

Akwai abu biyu da malami zai faɗa da bakinsa, don farantin ba zai faɗe su ba. Na farko, tsaki yana nuna hanyar layin, amma ba ya nuna kibiya. Kibiyar nan yarjejeniya ce ta masana. Sun amince a zana ta daga tarawa zuwa ɗebewa, wato inda ɗan ƙaramin cajin tarawa zai nufa idan aka sake shi. Na biyu, kuma ya fi muhimmanci: babu wasu zaruruwa a cikin iska. Tsakanin layi da layi ma akwai fili. Ka motsa man ka sake kunnawa, sarƙoƙin za su ƙullu a wasu wuraren daban, amma siffar ba za ta canza ba. Filin gaskiya ne. Layukan kuwa, mu muke zana su don mu gane shi.

To, ga gargaɗin da na yi muku alkawari. Ku matso kusa da rediyo.

Gwajin mai da tsaki yana bukatar bolt dubbai. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin lantarki. Makarantu kan yi amfani da na'urar Van de Graaff, mai babban ƙwallon ƙarfe a ka, wadda ke sa gashin mutum ya miƙe tsaye. Wani Ba'amurke, Robert Van de Graaff, ya fara ƙera ta a 1929. Ko kuma wata na'ura ta musamman ta ɗakin gwaje-gwaje mai ba da kamar bolt 5,000. Waɗannan an ƙera su ne yadda lantarkin da ke kwarara daga cikinsu ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Wutar soket ɗin gida ba haka take ba. Ita bolt 230 ce kacal, amma kwararta ba ta da wannan takunkumi, kuma tana kisa. Kada kowa, malami ko ɗalibi, ya tsoma wayar soket ko ta janareta a faranti. Na sake faɗa: kada a haɗa wannan gwaji da wutar gida. Kada kuma a kwance tsohuwar talabijin don neman bolt mai yawa. Ko da na'urar makaranta ce, a kashe ta a sauke cajinta kafin a taɓa ƙarafan, kuma mai na'urar taimakon bugun zuciya a ƙirji ya tsaya nesa.

Wani zai ce, Malam, makarantarmu ba ta da ko ɗaya daga cikin na'urorin nan. To ga sashe na huɗu, naka ne. Batir mai bolt 9 ya isa.

Nemi faranti na roba mai nuna ciki. Shimfiɗa takardar giraf a ƙarƙashinsa. Zuba ruwan famfo kaɗan. Sa falle biyu na alminiyam a gefe da gefe, tazarar santimita 10, ka haɗa su da batir. Sai ka aro mita, irin wadda masu gyaran rediyo da waya ke auna wuta da ita. Baƙar wayar mita ta tsaya a kan fallen ɗebewa. Jar wayar kuma ɗalibi ya riƙa tsoma ta a ruwa, wuri-wuri.

Kusa da fallen ɗebewa, mita za ta nuna kaɗan. A tsakiya, wajen rabin ƙarfin batir. Kusa da fallen tarawa, ta haura. Yanzu ka ce wa ɗalibi ya nemo duk wuraren da mita ke nuna bolt 3, wani yana ɗiga alama a takardar giraf ta biyu. A haɗa ɗigogin da layi. A sake yi da bolt 4, da 5, da 6. Waɗannan su ne layukan da bolt yake daidai. Layukan fili kuwa kullum suna ratsa su ne a tsaye, kamar yadda layin tsaye da na kwance ke haɗuwa a takardar giraf ɗin. Ɗalibi ya ɗauki fensir ya ja su. A yi aikin da ɗan hanzari, don idan aka daɗe, kumfa kan taru a jikin alminiyam, awon ya fara kaucewa.

Wannan gwaji ba shi da armashin na tsaki. Ba abin da ke motsi. Amma yana ba da abin da wancan bai bayar ba, wato lamba. Ƙarfin fili shi ne bolt a raba da nisa. Bolt 9 a kan santimita 10 ya ba da bolt 90 a kowace mita ta tsawo. Ka kwatanta da farantin mai: bolt 5,000 a kan santimita 5, wato bolt 100,000 a kowace mita. Ka ga dalilin da ya sa batir ba zai juya tsaki ba. Busasshiyar iska kuma, idan fili ya kai wajen bolt miliyan 3 a kowace mita, sai ta kasa jurewa, ta buɗe wa lantarki hanya. Wannan shi ne tartsatsi. Kuma ko a ranar da gari ya waye tas babu hadari, a fili a waje akwai filin lantarki na kusan bolt 100 a kowace mita, tsakanin sama da ƙasa. Kusan daidai da na farantin ruwanka.

Makarantar da ke da kwamfuta tana da ƙari. Jami'ar Colorado da ke Amurka tana da shiri mai suna PhET, wanda Carl Wieman, mai lambar yabo ta Nobel a fiziks, ya kafa a 2002. Kyauta ne, kuma ana iya sauke shi a yi aiki da shi ba tare da intanet ba. A ciki ɗalibi zai ja caji ya ajiye inda yake so, kibiyoyi su juya nan take. Yana da kyau, musamman don nuna kibiyar da tsaki ya kasa nunawa. Shawarata dai a kawo shi bayan faranti, ba kafinsa ba. Yaro ya san allon kwamfuta zai iya nuna duk abin da aka tsara masa. Gwangwanin da ya sha lemonsa jiya kuwa, ba wanda ya tsara masa komai.

'Yan makaranta, ga aikin gida. Ku yanko siraran leda guda goma, tsawon tafin hannu, ku ɗaure su a kai ɗaya. Ku riƙe ƙullin, ku shafe su da busasshen ƙyalle daga sama zuwa ƙasa, sau da yawa. Ku duba yadda za su yi. Sannan ku kawo ɗaya hannun kusa da su, ku sake dubawa. Ku zana abin da kuka gani, ku kai wa malaminku, ku gaya masa wace doka ce ta yi aiki a karo na farko, wace ce kuma a karo na biyu.